Rabin Falon da Ba Na Ɗauka

Bari in fara da godiya kafin surutu ya ɗauke ni. Na gode wa Allah, na kuma gode muku da kuke bibiyata, har da baiwar Allahn da ta rubuto min cewa in daina ja wa mutane rai, in faɗa kawai ko mutumin ya tsaya ko ya gudu. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ni ma ba rana ɗaya na sani ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da takwas, ina aiki a ofishin dillancin gidaje, ni ce mai ɗaukar hoton gidajen haya ina ɗorawa a shafinmu. Mahaifiyata ta rasu shekara shida ke nan. Daga ni sai Baba a gida, sai Gwaggo, yayarsa, wadda gidanta yake bayan layinmu amma ƙafarta ta fi sabawa da namu.

Baba tela ne. Shekara uku da suka wuce ya faɗi a gaban kekensa na ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa, amma a karkace take fitowa, ni kaɗai nake gane ta gaba ɗaya. Ƙofar ɗakinsa ta yi wa keken marasa lafiya ƙunci, shi ya sa muka fito da gadonsa falo, kusa da taga, inda zai riƙa ganin masu wucewa.

Daga nan falonmu ya rabu biyu. In ka shigo, hannun hagu akwai labule mai ruwan zuma, doguwar kujera da matasanta huɗu, da furen roba da nake wankewa duk Asabar, sai agogon bango a tsakiya. Daga agogon zuwa dama kuwa gadon Baba ne, da kekensa na marasa lafiya, da ɗan tebur cike da magunguna, da robar wanke hannu a ƙarƙashin gado, da keken ɗinkin da muka lulluɓe da tsohon zani. Duk hoton da na taɓa ɗauka a gidanmu, daga labule zuwa agogo yake tsayawa. Ba na alfahari da wannan, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba.

Akwai dalili. Kafin wannan na yanzu akwai wani, wanda Gwaggo take kira mai farar mota. Tun ranar farko na gaya masa halin da muke ciki, ya ce ai lada ne, har lemo yake kawo wa Baba. Wata bakwai yana zuwa. Ranar da mahaifiyarsa ta zo ganina, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, ta kalli gado, ta kalli robar da ke ƙarƙashinsa, ta tambayi wa zai kula da shi in na yi aure. Na ce ni ce, kullum zan riƙa zuwa, don haka ba zan zauna nesa ba. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tashi. Cikin sati biyu kiran ɗanta ya koma saƙo, saƙon ya koma shiru.

Gwaggo ba ta zagi mai farar mota ba, ni ta kama. Ta ce na cika saurin buɗe ciki, mace ba ta zazzage kayanta a gaban baƙo tun bai cire takalmi ba. Ta kafa min doka cewa duk wanda ya sake fitowa, kada ya san komai sai magana ta yi ƙarfi, sai ya shiga yadda ba zai iya fita ba. Kullum da safe in tana yanke wa Baba farce sai ta lissafa min 'ya'yan ƙawayenta da aka kai ɗaki, da waɗanda suka haihu, da wadda ta yi na uku alhali ni na girme ta. Kada ku tsane ta. Matar nan ita take wanke kayan ƙaninta da hannunta in ina wajen aiki, tsoro ne kawai yake fito mata ta baki.

To, shi na yanzu, a wayata sunansa Mai Wuta. Wayarin wutar lantarki yake yi a gidajen da muke ba da haya. Mun haɗu ne a sanadin faɗan manajanmu, wanda ya ce hotunana suna mayar da falo kamar akwatin ashana, masu neman haya ba sa ko kira. Washegari ina wani gida a hawa na uku, na manne da kusurwa ina neman yadda falon zai shiga wayata gaba ɗaya, sai na ji murya daga saman tsani.

"Malama, in kika ƙara matsawa baya za ki fita ta bango."

Na ɗaga kai na harare shi. Dogo ne, siriri, da abin gwada wuta maƙale a bayan kunne. Ya sauko, ya goge hannu a wandonsa, ya nemi izini kafin ya taɓa wayata. Ya buɗe kyamara, ya shafa gefe har ya kai inda aka rubuta fanorama. Shekara biyu ina riƙe da wayar nan ban taɓa leƙa wajen ba.

Ya nuna min yadda ake yi. A tsayar da wayar a tsaye, a tsaya a tsakiyar ɗaki, a manne gwiwar hannu da jiki. In an danna, wata kibiya za ta fito a kan layi, sai a juya a hankali ana bin ta. Ya ce ba hannu ne yake juyawa ba, jiki ne gaba ɗaya, daga ƙafa. In an yi sauri wayar da kanta za ta ce a rage, in hannu ya yi sama ko ƙasa bango zai fito a karye. Ya ce wayar ƙananan hotuna take ɗauka da yawa tana haɗa bakinsu su zama ɗaya, shi ya sa ba ta son abin da yake motsi. Na farkon da na ɗauka, ƙofar kicin ta fito a lanƙwashe, shi kuma da ya gitta ya fito da rabin kai. Muka yi ta dariya a gidan mutane. Na biyar ya fito tas, daga ƙofar shiga har baranda, manaja ya ce yanzu na zama ma'aikaciya.

Daga nan ya zama malamina, ko ya naɗa kansa. Duk gidan da na ɗauka sai na tura masa ya ba ni maki. "Bakwai cikin goma, kin yi sauri wajen taga." "Tara, na riƙe ɗaya don kada ki yi girman kai." Daga maki aka koma ina kwana, daga ina kwana aka koma kin ci abinci. Wata biyar muna haka. Ya san ina zaune da mahaifina. Kullum sai ya ce ya Baba, ni kuma in ce lafiya lau. In ya ce yana so ya zo gaisuwa, sai in ce gidan ana gyara, ko Baba ba ya son baƙi a wannan satin. Duk hoton da na tura masa ina zaune ne a kan doguwar kujera, labule mai ruwan zuma a bayana, har ya fara tsokanata wai ko a shagon labule nake kwana.

Ranar Talatar da ta wuce na dawo da wuri. Gwaggo tana kicin, Baba yana kwance yana kallon taga, sai saƙo ya shigo.

"Gidan da babu kowa kowa ma ya iya. Ɗauko min ɗaki mai kaya in ga ƙwarewa."

Na ce a raina wannan mai sauƙi ne, zan fara daga ƙofa, in bi labule da kujera, in tsaya a agogo. Na gyara matasai, na karkaɗe fure, na tsaya a tsakiya. Ga inda na yi wauta. A wajen aiki ban taɓa tsayar da fanorama da kaina ba. Gidan da babu kowa ba shi da abin ɓoyewa, juyawa nake yi har kibiya ta kai ƙarshen layi wayar ta tsaya da kanta. Ban saba da cewa in kana so ka tsaya a tsakiya sai ka sake dannawa ba. Na kai agogo na tsaya, a zatona an gama. Sai na ji motsi a gadon Baba, na juya in duba shi, kuma da yake jiki ya saba, a hankali na juya, gwiwar hannu a manne, waya a tsaye. Na ga ya rufa, na ce barci zai yi. Gwaggo ta ƙwala min kira in zo in sauke tukunya. Ina tafiya na tura hoton. A cikin hira ya fito ɗan siriri kamar igiya, ba abin da ake gani sai ruwan zumar labule.

Sai da na wanke hannu na dawo na ga amsarsa.

"Goma cikin goma. Hannunki bai girgiza ba ko kaɗan. Amma akwai wanda ya motsa a ƙarshe."

Na buɗe hoton, na ja shi da yatsa zuwa dama. Labule, kujera, fure, agogo. Bai tsaya ba. Ga keken ɗinki a lulluɓe, ga teburin magunguna, ga keken marasa lafiya, ga robar ƙarƙashin gado. Na zauna a kan tabarmar salla ban san na zauna ba. Na yi sauri zan goge, amma me za a goge bayan mutum ya gani har ya ba da maki?

Sai na buɗa ƙarshen hoton da yatsu biyu, kuma abin da na gani ya sa na manta da Mai Wuta gaba ɗaya. Baba ne a kan gado, yana jan zanin rufa da hannunsa na hagu zuwa fuskarsa. Da yake yana motsi lokacin da kyamara ta iso kansa, hannun ya fito sau uku, ɗaya a ƙirji, ɗaya a haɓa, ɗaya ya kai goshi. Tsakanin na biyu da na uku ana ganin idonsa guda, a buɗe, yana kallona. Ashe ba barci zai yi ba.

Na bari sai da Gwaggo ta fita sayen sabulu, na jawo kujera kusa da gadon. Na tambaye shi me ya sa ya rufe fuska ɗazu. Ya daɗe yana tauna maganar, kamar yadda yake yi in kalma ta ƙi fitowa.

"Kada in ɓata miki, Uwata."

Haka yake kirana tun ina ƙarama. Na ce ɓata me, Baba? Ya ce hoton. Ya ce ya lura duk lokacin da na ɗaga waya, bayana nake juya masa, sai ya gane. Tun daga nan in ya ga na tsaya a tsakiyar falo yakan rufa, ko da kyamarar za ta kuskure. Ya ce yayarsa ta yi gaskiya, shi ne ya kori na farko, ba ya so ya kori na biyu. Yana faɗa yana ɗan murmushi da rabin bakinsa, wai don kada in damu.

Jama'a, kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Mutumin da ya ɗinka min kayan makaranta tun daga aji ɗaya, wanda in an yi min sabon ɗinki sai ya zagaya ni sau biyu yana duba kafaɗa, shi ne yake ɓuya a falonsa saboda ni. Wata biyar ina zaton dabara nake yi ba wanda ya sani, ashe yana kwance yana taya ni. Na kifa kaina a gefen katifa na yi kuka sosai, shi kuma yana bubbuga min kai da hannun nan na hagu.

Da Gwaggo ta dawo ta ji labari, ta ajiye sabulu ta riƙe haɓa. Ta ce shi ke nan, na kashe maganar da hannuna, wa ya aike ni wasa da waya. Can kuma ta ce ba a rasa mafita ba, in ce masa wani ɗan'uwa ne ya zo jinya daga nesa, zai koma ƙarshen wata. A gaban Baba ta faɗa, shi kuma ya mayar da ido kan taga. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba, amma ranar na ce mata a'a. Ta ce in na zauna a gida har furfura kada in nemi wanda zan ɗora wa laifi. Na ce na ji.

Kwana biyu ban amsa wa Mai Wuta ba. Ya kira sau huɗu, ina kallon wayar tana haske har ta gaji. Ranar Alhamis a wajen aiki, ina zaune a kan matakalar wani gida da babu kowa, na rubuta masa komai. Sau uku ina gogewa ina sakewa, don na farko ya yi kama da neman tausayi, na biyu ya yi kama da faɗa. A na ƙarshe na ce masa wanda ya gani mahaifina ne, shekara uku ke nan yana kwance, ni nake kula da shi kuma ba zan daina ba, ko da aure ko babu. Na ce na ɓoye masa, na yi ƙarya, in ya ga ba zai iya ba ba zan riƙe shi a zuciya ba. Wannan na ƙarshen ma ƙarya ce, da na riƙe shi.

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Awa biyu ina duba waya, har na ɗauki kicin ɗin mutane a karkace. Sannan saƙo ya shigo, layi ɗaya.

"Asabar da la'asar zan zo gaida Baba, in ya ba ni izini."

Ranar Asabar tun safe Gwaggo ta iso da sabon zanin gado da shawarar a tura Baba ɗakina na awa ɗaya kawai, a ce yana hutawa. Na ce ai Baban aka zo gani. Ta yi ƙwafa, amma ita ta goge masa riga, ita ta shafa masa turare. Ni kuwa sau uku ina canza kaya, na ƙare a doguwar riga mai ruwan toka da mayafi fari, don kada a ce na yi kwalliyar roƙo.

Ya zo a kan lokaci, cikin riga mai ruwan sararin sama da ta sha guga, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Jakar ta ba ni haushi, na ce a raina wato daga nan wani aikin zai wuce. Ya yi sallama, ya cire takalmi, bai ko kalli doguwar kujerar da na sha wahalar gyarawa ba. Kai tsaye ya wuce dama, ya durƙusa a gaban gado. Ya miƙa hannun dama, ya ga na Baba bai taso ba, sai ya kama na hagun da hannu biyu ya gaishe shi.

Baba ya ƙare masa kallo daga wuya zuwa kafaɗa, ya yi magana. Mai Wuta ya juyo gare ni yana neman fassara, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage.

"Cewa ya yi, wanda ya ɗinka maka rigar nan ya cuce ka a kafaɗa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi tun ranar da ya karɓo ta yake jin hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, matsalar bai da wanda zai tsaya masa. Baba ya sa shi ya juya, ya nuna masa da yatsa inda aka ci yadin. Gwaggo tana bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, ta kasa shigowa ta kasa komawa.

Bayan ya sha ruwa sai ya jawo jakar. Ya ce tun a hoto ya ga wani abu da ya hana shi sukuni, makunnin fanka yana bangon dama, can sama, ɓangaren da hannun Baba ba ya aiki. Ya tambaya wa yake kunna masa. Na ce ni, ko Gwaggo, in ba ma nan kuma sai ya jira. Shekara uku muna haka, ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa abu ne da ake gyarawa ba. Ya nemi izinin Baba, ya kashe wutar gidan, ya naɗe hannun rigar da aka gama kushewa. Cikin rabin awa ya jawo waya ta bayan gado, ya ɗaura ɗan makunni a ƙarfen gadon ta hagu, daidai inda yatsan Baba yake kaiwa.

Baba ya danna, fanka ta tashi. Ya danna, ta tsaya. Ya sake dannawa. Ya yi haka ya fi sau goma, har Gwaggo ta ce zai ƙona mana fanka, ta koma kicin da sauri. Ni dai ina tsaye ina cewa na gode, na gode, har ya ce ya isa haka.

Da na raka shi ƙofar gida fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai ɓoye min ba, ya ji haushi. Wata biyar yana tambayar lafiyar Baba ina ce masa lafiya lau, wato kallon da nake masa ke nan, mutumin da zai ga mara lafiya ya juya. Na ba shi labarin mai farar mota. Ya ce ya fahimta, amma haushin bai gama sauka ba, in ba shi lokaci. Na ce ya ɗauki duk wanda yake so.

Sai ya faɗi abin da nake tsoro. Ya ce shi ne babba a gidansu, Ummansa ta daɗe tana jiran surukar da za ta zauna kusa da ita, kuma mace ce mai ra'ayinta. Ba zai yi min alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Abin da yake so shi ne ta sani tun yanzu, daga bakinsa, kafin 'yan bincike su kai mata yadda suka ga dama.

"Ki ba ni izini in nuna mata hoton."

"Ba wannan ba," na ce. "Ka ba ni zuwa gobe."

Da na koma ciki na gaya wa Baba yadda muka yi, ban rage komai ba. Na ce in bai so ba, ba za a nuna wa kowa komai ba. Ya daɗe yana kallon fanka. Sannan ya ce in ciro masa farar rigarsa mai aiki a wuya, ta ƙasan akwati, wadda ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka da hannunsa, da hularsa.

Lahadi da hantsi muka shirya shi, ni da Gwaggo. Rigar ta yi masa yawa yanzu, sai da muka tattare ta ta baya. Gwaggo ta kwashe robar ƙarƙashin gado, wannan ban hana ta ba. Da ta kama keken marasa lafiya za ta tura ɗakina, Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar shi inda yake, a bar magungunan ma. Abu ɗaya ya sa a canza, ya ce a yaye zanin da ke kan keken ɗinki. Muka zaunar da shi a bakin gado, matashi biyu a bayansa. Ba ya iya daɗewa a zaune ba tare da ya karkata ba, kuma na gaya masa in ya motsa hoton zai ɓaci. Ya dafa katifa da hannun hagu, ya ɗaga haɓa, ya ce shi a shirye yake.

Na tsaya a tsakiyar falo, na juya kibiyar ta fara daga dama. Daga kansa na fara. Na danna, na ga fuskarsa ta shiga, hula a daidai, jijiyar wuyansa ta tashi saboda ƙoƙarin da yake yi kada ya motsa. Hawaye ya cika min ido har ba na ganin layin sosai, amma ban bar hannuna ya girgiza ba. Na bi keke, na bi magunguna, na bi keken ɗinki, na wuce agogo, na wuce Gwaggo da ta daskare a kan kujera da sabon mayafinta, har wayar ta tsaya da kanta. Da na juyo, Baba yana nan yadda na bar shi, gumi yana bin goshinsa. Sai da na ce an gama sannan ya saki jiki.

Na kai masa ya gani. Ya sa na buɗa wajen wuyan rigar, ya duba aikin, ya gyaɗa kai. Na tura.

Gwaggo ta ɗauki tsintsiya tana share inda ta riga ta share. Bayan kamar minti ashirin saƙo ya shigo.

"Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba. Ta karɓi lambarki."

Ban gama karantawa ba wayar ta fara ƙara, baƙuwar lamba. Na tsaya ina kallonta. Gwaggo ta saki tsintsiya. Baba ya ce in ɗauka, in buɗe muryar kowa ya ji.

Na ɗauka, na yi sallama, na durƙusa kamar tana gabana. Muryar dattijuwa ce, a nutse, ba fara'a ba faɗa, ba abin da zan iya karantawa a cikinta. Ta amsa gaisuwata a taƙaice.

"'Yata, ni da ke za mu yi magana, kuma mai tsawo ce. Amma ba ke nake nema ba tukuna. Mai farar rigar nan yana kusa?"

Na ce yana kusa, Umma, sai dai maganarsa ba kowa yake ganewa ba.

"Ke ai kina ganewa. Miƙa masa."

Baba ya gyara hularsa. Na sa masa wayar a hannun hagu, na matso kusa da bakinsa don kada kalma ɗaya ta wuce ni.